Kasuwar komik ta sauya: ina ake samun aikin masu zaman kansu?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar komik, wato littattafan nan da ake ba da labari da zane. Na ga manhajar ComiXology ta ɓace, na kuma ji an ce Diamond, dilan da ke kai wa shaguna kaya a Amurka, ya karye. Su kuwa Marvel da DC, kafin ka gane kan labari ɗaya sai ka sayi littattafai biyar ko shida na jarumai daban-daban, shekara ba ta zagayo ba kuma an sake komawa fitowa ta 1. Me ya sami kasuwar ne? Sannan mai son karanta aikin masu zaman kansu, wanda abin da yake da shi waya ce da katin banki na naira, ta ina zai fara? Hanyar halal nake nema, ta kyauta ce ko ta kuɗi, ba shafukan satar aikin mutane ba.

Malam Tawada:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Gwammaja, sai an fara daga yadda littafin yake isa shago, domin duk abin da ka lissafa daga nan ya samo asali.

Har farkon shekarun 1970, kamar jarida ake sayar da komik a Amurka: abin da ya yi kwantai a mayar wa kamfani. A 1973 wani mai suna Phil Seuling ya fito da tsarin sayar wa shagunan komik kai tsaye. Za a yi wa mai shago rangwame mai tsoka, wajen rabin farashin da ke kan bango, amma abin da ya ɗauka ya zama nasa, ba mayarwa. Wannan sharaɗi ne ya buɗe wa ƙananan mawallafa ƙofa, saboda suna sanin adadin da aka yi oda kafin su kai aiki maɗaba'a. Shi ne kuma ya ɗora wa mai shago duk asarar. Yana duba kundin tallan dila (a zamanin Diamond, Previews ake kiransa) wajen wata biyu kafin littafi ya fito, ya kammala odarsa makonni kaɗan kafin ranar fitowa. Sau da yawa yakan tsayar da odar fitowa ta 2 tun bai gama ganin yadda ta 1 ta shiga ba, don haka sai ya rage. Ta 3 ya ƙara ragewa. Kafin a kai ta 6 littafin ba ya mayar da kuɗin bugawa, sai a tsayar da shi ko da labarin yana da daɗi. Wannan ne dalilin komawa lamba 1 da kake gani: ita ce kaɗai lambar da shaguna ke ɗauka da yawa. Shi ne kuma dalilin bango iri-iri a kan littafi ɗaya, inda za a ce sai ka ɗauki kwafi 25 ko 50 ko 100 kafin a ba ka damar sayen ɗaya mai bango na musamman.

Yadda Diamond ya zama shi kaɗai kuwa, a farkon shekarun 1990 mutane sun yi ta sayen komik suna ajiyewa da tunanin zai yi tsada. Fitowa ta 1 ta X-Men a 1991 ta haura kwafi miliyan 8. Da aka gane abin da kowa ya ajiye ba zai yi daraja ba, kasuwa ta faɗi, shaguna da yawa suka rufe. A ƙarshen 1994 Marvel ya sayi wani dila mai suna Heroes World don ya riƙa raba kayansa da kansa. Sauran manya suka ruga suka ƙulla yarjejeniya da Diamond shi kaɗai, babban abokin takararsa Capital City ya sayar masa da kansa a 1996, a Disambar wannan shekara Marvel ya shigar da takardar karayar arziki a kotu, a 1997 kuma shi ma ya dawo wajen Diamond. Daga nan aka shafe sama da shekara ashirin ƙofa ɗaya ce.

Ga ƙaramin mawallafi ƙofar ba ta da faɗi. A littafin dala 3.99, abin da ke zuwa hannunsa wajen kashi 40 cikin ɗari ne, wato kusan dala 1.60, a ciki zai biya maɗaba'a da mai zane da marubuci. A 2009 Diamond ya ɗaga mafi ƙarancin odar da yake karɓa zuwa dala 2,500 a farashin sari. A wannan lissafi sai an yi odar kwafi 1,500 da ɗoriya kafin littafinka ya zauna a cikin kundin. Masu yawa tun a lokacin suka koma intanet da tarurrukan baje koli.

Annobar korona ce ta fasa tulun. A Afrilun 2020 Diamond ya tsayar da jigilar sababbin littattafai, bai ci gaba ba sai 20 ga Mayu. A Yuni DC ya bar shi, kayansa suka koma hannun wasu dilolin, ciki har da Lunar. Marvel ya koma wajen kamfanin littattafai Penguin Random House a Oktoban 2021, sauran kamfanonin komik suka biyo baya: IDW ya bi shi a 2022, Dark Horse a 2023, Image kuma ya tafi Lunar a 2023. Manyan da ke cika mota sun tafi, kuɗin sito da na jigila kuwa suna nan. A Janairun 2025 Diamond ya shigar da takardar karayar arziki. Waɗanda abin ya fi dokewa su ne ƙanana, domin da yawansu littattafansu na ajiye a sitonsa bisa sharaɗin sai an sayar a biya su, har takaddamar wa ke da iko da wannan kaya ta kai gaban alƙali.

Saboda haka littafin mai zaman kansa bai ragu ba, kundin da ake samun sunansa wuri ɗaya ne ya wargaje. Yanzu mai karatu ne ke bin mai zane har inda yake sayarwa.

Mai Alƙalami:

Malam Tawada ya gama da ɓangaren takarda, Allah ya saka. Bari in taɓa na waya.

Amazon ya sayi ComiXology a 2014, a Fabrairun 2022 ya haɗe kantinta da na Kindle, manhajarsa ta karanta littattafai, a Disambar 2023 ya rufe manhajar gaba ɗaya. Littattafan da mutane suka saya sun koma cikin Kindle, amma hanyar lalube da gano ƙananan ayyuka ta lalace, kuma wannan ita ce babbar asarar. Darasin da za ka riƙe shi ne bambancin sayen fayil da sayen izinin karatu. In littafi na da makullin DRM, izini ka saya, yana zaune a manhajar kamfani, duk ranar da suka sauya tsari sai ka bi su. In an ba ka PDF ko CBZ ka sauke, wannan naka ne. CBZ ba wani abu ba ne illa hotunan shafuka da aka ƙunshe a zip, in ka sauya ƙarshen sunan zuwa zip zai buɗe a kowace kwamfuta. CBR kuma ƙunshin RAR ne. A Android, Perfect Viewer ko CDisplayEx sun wadatar, a kwamfuta akwai YACReader.

Wurin farawa mafi sauƙi shi ne Panel Syndicate, wanda Brian K. Vaughan da Marcos Martín da Muntsa Vicente suka buɗe a 2013. Kai ke rubuta abin da za ka biya, ko sifili ka sa za a ba ka, fayil ɗin ba kulle, kuɗin kuma hannun masu aikin yake zuwa. Ka karanta fitowar farko a kyauta, in ta yi maka ka biya a ta biyu. Sai itch.io, wanda aka fi sani da wasanni amma yana da sashen komik mai yawa, da Gumroad inda masu zane ke buɗe kantin kansu, da DriveThruComics. GlobalComix na karatu ne a cikin manhaja, yana da na kyauta da na biyan wata-wata, ya fi amfani wajen ɗanɗanawa kafin saye.

Biyu suna da lokaci. ShortBox Comics Fair ana yin sa ne a intanet cikin watan Oktoba kaɗai, sababbin ayyuka sama da ɗari, duk PDF, wata na ƙarewa a rufe. Humble Bundle kuma yakan haɗa kundaye masu yawa na kamfani ɗaya a farashin da bai kai na kundi biyu na takarda ba, na 'yan makonni. A nan ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa kafin ka biya: wani ƙunshin fayil ake saukewa, wani kuwa ta kantin Kobo ake karɓa kuma an taƙaita shi ga wasu ƙasashe. In ka biya na biyun daga nan, kuɗinka ya tafi, littafi bai zo ba.

Abubuwa uku ke ba mutane matsala. Na farko data: fitowa ɗaya mai launi takan ci megabayit 30 zuwa 100, babban kundi a PDF yakan haura 500. In an ba da zaɓi ka ɗauki CBZ ko ƙaramin PDF, ka sauke da dare ko a kan wifi, ka kwafa a katin memori da filas, domin kanti na iya rufewa. Na biyu girman fuska. Shafin komik na Amurka wajen santimita 17 ne a 26, a waya mai inci 6 sai kana ta ja kana matsewa, zanen da ya ratsa shafi biyu kuwa ba ya karantuwa. Tabulet mai inci 10, ko tsohuwa ce, ta fi sabuwar waya a wannan aiki. Na uku biya. Katin naira ba kullum yake wucewa a shafukan waje ba, wanda ke wucewa ma yana da iyakar dala. Ka tambayi bankinka iyakar, ka gwada da abin dala 1 tukuna, ka tabbata adireshin da ka rubuta shi ne wanda ke kan katin. Yawancin biyan da ake ƙi karɓa, ko iyaka ce ta cika ko adireshi ne ya saɓa.

Gano mai kyau a cikin tarin nan kuwa, sunaye za ka bi, ba tambarin kamfani ba. Littafin da ya burge ka, rubuta sunan marubuci da mai zane har da mai saka launi, ka nemo sauran ayyukansu a Grand Comics Database. Ka duba jerin waɗanda aka zaɓa don kyautar Ignatz, wadda ake bayarwa tun 1997 a taron Small Press Expo da ke Bethesda a jihar Maryland. Jerin 'yan takara ya fi sunan wanda ya ci amfani, saboda a kowane rukuni kana samun suna wajen biyar. Jerin masu baje koli a wannan taro, da na Toronto, da na Thought Bubble a Ingila, duk ana sa su a intanet da mahaɗin shafin kowane mai zane. Zama ɗaya a kansu ya fi wata guda kana jiran abin da manhaja za ta turo maka. Don sharhi, The Comics Journal da Broken Frontier da SOLRAD su ne ke kula da ƙananan ayyuka.

Ɗan Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To batun Kickstarter fa? Na ga masu zane da yawa can suke sayarwa. Kuma in mutum na son na takarda ya riƙe a hannu, akwai dabara?

Baban Hanif:

Kickstarter ba kanti ba ne, wannan ka fara riƙewa. Alƙawarin gudummawa kake yi ga aikin da watakila ba a gama ba. Mai aiki yana sa adadin da yake nema da wa'adi, galibi kwana 30, iyaka 60. In ba a kai adadin ba, ba a cirar wa kowa ko sisi. In an kai, ranar rufewa ake cirar kuɗi, ba ranar da ka yi alƙawari ba. Ga mai katin naira nan ne tarkon yake: ranar da ka danna katin na da kuɗi, ranar cirewa iyaka ta cika ko canji ya tashi. Ana ba da kwana 7 a gyara, in ba ka gyara ba an cire sunanka. Shafin na ɗaukar kashi 5, masu sarrafa biya su ɗauki kashi 3 zuwa 5, sauran na mai aiki.

Yanzu har manyan kamfanoni sun mayar da shi wurin karɓar oda. A 2020 Boom ya tara sama da dala miliyan 1 a kan littafin da ɗan wasan fim Keanu Reeves ke cikin marubutansa. Irin wannan ba shi da haɗari sosai, amma ba shi ne mai buƙatar kuɗinka ba.

Kafin ka sa kuɗi ga ƙaramin mai zane, duba abu uku. Shafi nawa aka gama? Wanda ya ce an gama zane, kuɗin bugawa kawai yake nema, ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan wanda ya nuna shafi biyar cikin ɗari da ashirin. Mai zane ɗaya da ke yin komai da kansa, in ya gama shafi uku ko huɗu a mako ya yi ƙoƙari, sai ka yi lissafin watanni da kanka kada ka dogara da ranar da ya rubuta. Sannan ka buɗe ayyukansa na baya ka karanta sashen sharhi: an kai wa mutane kayansu, ko har yanzu suna tambaya? Na uku, ka yi hattara da wanda kuɗi na ƙaruwa yana ƙara alƙawari, bango mai tauri, ƙarin shafi, hotunan mannawa, zane a kan kwali. Kowane ƙari nauyi ne, nauyi kuma kuɗin aike ne da bai shiga lissafin farko ba. Da yawan ayyukan da suka maƙale ba ha'inci ba ne, kuɗin aike ne ya cinye na bugawa.

Daga nan shawarata ka ɗauki matakin gudummawar da ake ba da PDF kaɗai. Shi ne mafi araha, shi ke fara isowa, ba ruwansa da gidan waya. In ka nace sai takarda, ka sani da yawa ba sa karɓar kuɗin aike sai bayan an rufe, ta wani shafi kamar BackerKit, kuma zuwa Afirka yakan kai kuɗin littafin ko ya wuce.

Dabarar takarda ita ce ka manta da fitowar wata-wata. Shafi 32 ce da ƙusar sitafula biyu, labarin ciki shafi 20 zuwa 22, tana lanƙwashewa a hanya. Ka jira kundi, wanda ke haɗa fitowa huɗu zuwa shida, nauyinsa wajen giram 300 zuwa 400. Image yakan sa kundin farko na jerin labari a dala 9.99 don jawo masu karatu. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi oda ɗaya ta kamfanonin da ke ba da adireshi a Amurka ko Ingila su haɗa kaya su turo, ku nemi a matse su a ƙaramin kwali, domin ana iya cajin girman kwali maimakon nauyinsa. In sun iso, a tsaye ake jera su, nesa da bango da ƙasa, saboda laimar damina da gara. Takarda mai sheƙi in ta sha laima shafukan mannewa suke yi, ba kuma sa rabuwa lafiya.

Bintar Damagaram:

Sannunku da ƙoƙari. Ina da gyara ɗaya ga Malam Tawada, da girmamawa. Bayaninsa daidai ne, amma na shagunan komik ne kaɗai, alhali yanzu kantunan littattafai na gama-gari da manga, wato komik na Japan, da littattafan yara su ne suka fi jan masu karatu a Amurka. Kamfanin littattafan yara Scholastic ya buɗe sashen komik mai suna Graphix a 2005 da aikin Jeff Smith, wanda shi da kansa ya buga mafi yawan abinsa daga 1991 zuwa 2004. Mai zane da yawa yanzu ba ya ma bi ta fitowar wata-wata, kundi guda yake yi ya miƙa wa mawallafin littattafai. Wanda ke neman sabon aiki a jerin fitowar mako kawai, rabin abin ya wuce shi.

Kalmar "mai zaman kansa" ma ta ƙunshi abubuwa daban-daban. Image, wanda masu zane bakwai da suka bar Marvel suka kafa a 1992, ba ya mallakar labarin, kuɗin hidima yake cira, sauran na masu aikin. Amma ba a biyan su kafin a sayar, shi ya sa za ka ga labari ya tsaya wata shida ko shekara. Kafin ka fara dogon jeri, bincika ko an kammala shi. Fantagraphics na Seattle da Drawn & Quarterly na Montreal su ne gidan labaran rayuwa da tarihi da fassara, inda ba jarumi mai tashi sama. Dark Horse da Boom kuwa har yanzu ana kiran su masu zaman kansu, alhali kamfanin Embracer na Suwidin ya sayi na farko, Penguin Random House ya sayi na biyu a 2024.

Ga mai waya kaɗai, ba a ambaci abin da aka zana don waya ba. Webtoon da Tapas daga sama zuwa ƙasa ake ja, ba matsewa. A Webtoon, sashen Canvas shi ne na masu ɗora aikinsu da kansu, a nan masu zaman kansu suke, sai dai da yawa kan watsar da labari a tsakiya, don haka duba ranar ɗorawa ta ƙarshe. Manga Plus na kamfanin Shueisha, tun 2019, yana ba da babi uku na farko da uku na baya-bayan nan kyauta kuma bisa ƙa'ida.

Kada kuma a tsallake na kusa. Comic Republic na Legas, tun 2013, yana sa littattafansa a shafinsa a karanta kyauta. YouNeek na Roye Okupe ya fara da buga kansa kafin ya ƙulla da Dark Horse a 2021. Akwai Kugali, akwai Leti Arts a Gana, kuma a Lagos Comic Con ana sayen littafi daga hannun mai zane da naira, ba kuɗin jirgi. Mai jin Faransanci kuma, a Nijar ko Kamaru ko Chadi, yana da wata kasuwar daban gaba ɗaya, ta Faransa da Beljiyam, wadda karyewar Diamond ba ta shafa ba. Ɗakunan karatu na cibiyoyin al'adun Faransa kan ajiye irin waɗannan kundaye, a Kamaru kuma ana taron Mboa BD.

Malam Tawada:

Gyara ya karɓu, Malama Binta. Ƙari ɗaya a kan batun wa ke da littafi, tunda Malam Ɗan Gwammaja so yake kuɗinsa ya isa ga mai aiki. Buɗe bayan bangon gaba ko shafin ƙarshe, akwai ƙananan rubutu da alamar ©. In sunan marubuci da mai zane ne a gabanta, aikin nasu ne. In sunan kamfani ne, aikin haya suka yi, an biya su kuɗin shafi. Yawancin kantunan intanet na nuna shafukan farko kyauta, kuma sau da yawa wannan layi yana cikinsu, sai ka duba kafin ka biya.